Masu Feshi: Tarihin Wani Binciken Lafiya a Ƙasar Gwandu

A hutun daminar da ta wuce malaminmu na darasin al'adun Hausawa ya ɗora mana aiki, ya ce kowa ya koma garinsu ya tattaro sunayen cututtuka da magungunansu daga bakin tsofaffi. Ni mutumin Gwandu ne, dangin mahaifiyata kuwa suna Kalgo, saboda haka sai na raba hutun biyu, rabi nan rabi can. Wadda na fara zama da ita ita ce kakata ta wajen uba, wadda ta ba shekara tamanin baya. Da na tambaye ta maganin masassara, watau zazzaɓin cizon sauro, sai ta yi dariya ta ce, "Kai maigidan, wane magani kaka biɗa? Masassara ko Nasara ya gwada ta da feshi, yab bari." Ban taɓa jin wannan labari ba, ko a gida ko a makaranta. Bin diddiginsa shi ya haifar da wannan 'yar maƙala, kuma ina roƙon malamaina na fannin tarihi da na likitanci su yi mini afuwa in sun ga na yi shiga sharo ba shanu.

Kafin zuwan masu feshi

Tunani a kan lafiyar jama'a ba baƙo ba ne a Gwandu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya riƙe yammacin Daular Usmaniyya daga wannan gari har ya rasu a 1829, yana da littafi mai suna Masalih al-Insan al-Muta'alliqa bi al-Adyan wa al-Abdan, watau maslahohin ɗan'adam da suka danganci addini da jiki. Ɗan wansa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi rubuce-rubuce da dama a kan magani, har da na ciwon ido da na basir. Amma waɗannan littattafai ne na malamai, an gina su bisa abin da magabata suka rubuta. Ba ƙidaya ba ce ta wanda ya kamu da wanda ya mutu. Irin binciken nan na bin gida gida da takarda da alƙalami, Turawa ne suka zo da shi.

Su ma ba da wuri suka fara ba. Bayan sun ci ƙasar a 1903, abin da ya fi damunsu shi ne lafiyar kansu. Suka riƙa shan kwinin, suka kuma kafa dokar cewa a bar filin yadi 440 babu gini tsakanin unguwarsu da gidajen 'yan ƙasa, wai don kada sauron da ya ciji 'ya'yanmu ya kai gare su. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da aka sami maganin ƙwari mai arha wanda ake kira DDT, sannan aka fara tunanin talakan ƙauye. A 1950 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira taro a Kampala ta ƙasar Yuganda. A can masana suka yi ta gardama. Wasu suka ce mutumin Afirka da ya tsallake yarinta jikinsa ya riga ya saba da ciwon, in aka rage masa cizo na 'yan shekaru sannan aka daina, to, an cuce shi ke nan. Wasu suka ce ba za a zura ido jarirai suna mutuwa ba saboda wannan tsoro. Masu magana ta biyu suka yi rinjaye, aka amince a gwada feshi a wurare daban daban na Afirka.

Wurin da aka zaɓa a Nijeriya ta Arewa shi ne yammacin Lardin Sakkwato, yankin Birnin Kebbi da Argungu. Aikin ya soma a 1954, shekarar da Sarkin Gwandu Yahaya ya rasu aka naɗa Haruna. Gwamnati ce ta ɗauki nauyi tare da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya. Manyan likitocin da sunansu ya fito a rahotannin aikin su ne L. J. Bruce-Chwatt, shugaban ma'aikatar yaƙi da zazzaɓi ta Nijeriya a Ikko, da H. M. Archibald. Yankin da aka keɓe yana da mutane fiye da 100,000, aka kuma gwada magani iri uku: DDT, da diyaldirin, da BHC, wanda shi ne tushen gamalin ɗin nan da manoma suka sani.

Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Macen sauro ce take cizo, kuma in ta sha jini ta yi nauyi sai ta nemi bango ko rufin ɗaki ta huta. Ƙwayar cutar da ta sha daga jinin mai zazzaɓi tana bukatar kwana goma ko fiye a cikinta kafin ta iya zuba wa wani. In an shafe bangon kowane ɗaki da guba mai daɗewa, sauron zai mutu kafin kwanakin su cika, sarƙar ta tsinke. Domin a san ko abin yana ci, sai ma'aikata suka riƙa kama sauro a ɗakuna suna ƙidayawa suna feɗewa, suna latsa cikin yara su ji ko saifa ta kumbura, suna huda yatsa su ɗiga jini a kan gilashi su duba da madubin likita.

Kakata ta tashi a wani ƙauye tsakanin Gwandu da Ambursa, kuma tana 'yar yarinya sa'ad da abin ya iso su. Ga yadda ta ba ni labari: "Hakimi ya aiko, mai gari ya sa anka yi shela. Sunka taho da tukwanen ƙarfe bisa baya. Anka ce a hid da kaya duka waje, tukunya da taskira da hatsi. Matan da ba su taɓa hita tsakar rana ba sunka tsaya bayan darni. Sunka rubuta lamba ga ƙohwa, sunka wuce." Na ce, "Kaka, sun gaya muku dalili?" Ta ce, "Wa za ya hwaɗa muna? Mu dai mun ga kuɗin cizo sun mace, munka ce madalla."

Sauron da ya ƙi mutuwa

Ba a cika shekara biyu ba sai ma'aikata suka ga abin da ba su zata ba. A Ambursa, garin da sarakunan Gwandu suka taɓa zama kafin a koma Birnin Kebbi, aka tarar da sauro yana zaune lafiya lau a bangon da aka fesa wa diyaldirin. Wannan a 1955 ne. Masana ƙwari biyu, R. Elliott da V. Ramakrishna, suka buga labarin a mujallar Nature a 1956. Shi ne karo na farko da aka tabbatar cewa babban sauron zazzaɓi na Afirka, wanda masana ke kira Anopheles gambiae, ya gagari maganin feshi.

Ba wai sauron ya koyi wayo ba ne, ko ya saba da gubar kamar yadda mutum ke sabawa da yaji. Tun asali akwai 'yan kaɗan a cikinsu da aka halitta da jurewa. Feshi ya kashe sauran ya bar musu fili, su kuwa suka hayayyafa, kuma sauro ba ya bukatar fiye da mako biyu daga ƙwai zuwa balaga. Aka kai irin sauron Ambursa Landan, inda wani masani, George Davidson, ya yi kiwonsa ya nuna cewa jurewar gado ce, daga iyaye take sauka zuwa 'ya'ya. Wanda ya jure wa diyaldirin kuma yakan jure wa BHC. Watau cikin magani uku, biyu sun faɗi.

Akwai wani abin mamaki da ya biyo baya. Da aka haɗa sauron Ambursa da na Ikko aure a ɗakin gwaji, sai 'ya'yansu maza suka fito ba sa haihuwa, kamar alfadari. Daga irin wannan gwaji ne aka gano, a farkon shekarun 1960, cewa abin da ake ɗauka sauro ɗaya ne ashe jinsi ne daban daban masu kama ɗaya. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya yawaita a ƙasashe masu ƙarancin ruwa irin tamu, yana cizon shanu yana cizon mutane, kuma sau da yawa a waje yake hutawa, ba a bangon ɗaki ba. Duk ɗalibin ilmin sauro da ya bi tarihin fanninsa zai ci karo da sunan Ambursa. Mu da muke wucewa ta garin a mota, filin jirgin sama kaɗai muka san shi da shi.

Aikin bai tsaya nan take ba. An koma ga DDT, an faɗaɗa yankin, kuma a ƙarshen shekarun 1950 an gwada raba ƙwayoyin magani ga kowa da kowa a Argungu da Gulmare ta ƙasar Gwandu. Zazzaɓi ya ragu, amma sarƙar ba ta tsinke ba. A 1955 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da zazzaɓi daga duniya baki ɗaya, sai dai galibin Afirka ta kudu da Sahara ba ta shiga shirin sosai ba, a 1969 kuwa aka janye daga wannan buri. Gwaji mafi girma da ya biyo baya a Arewa shi ne na Garki, a Jihar Jigawa ta yanzu, daga 1969 zuwa 1976. Can an haɗa feshi da rabon magani, an kashe kuɗi, an yi aiki da tsanaki, amma da aka daina sai ciwon ya komo.

Abin da ba a tambaya ba

A Kalgo na zauna da wani dattijo, abokin kakana na wajen uwa, manomin shinkafa a fadama. Shi ma ya ce ya ga masu feshi yana saurayi. Na ce, "Baba, me ya sa kuke ganin abin bai yi ba?" Ya dube ni ya ce, "Yaro, ɗaki sunka fesa. To, wa ka kwana ɗaki?" Sannan ya shiga lissafa mini. Da bazara kowa a tsakar gida yake shimfiɗa. Da damina samari suna bukka a gona suna tsaron shuka, bukkar da aka kafa bayan masu feshi sun wuce. Masunta suna bakin gulbi. Fulani suna ruga, yau nan gobe can. Ko wanda zai kwana ɗaki sai ya gama hira a ƙofar gida ko a dandali, dare ya raba. Kakata kuma ta ƙara mini wani: in salla ta gabato ko za a kawo amarya, mata sukan yi wa ɗaki sabon yaɓe, su rufe abin da aka fesa. Ta ce da kuɗin cizo suka dawo, kaji kuma suka riƙa mutuwa in sun ci ƙwarin da suka faɗo, sai wasu suka fara kulle ɗaki su tafi gona ranar da aka ce masu feshi za su zo.

Ba na cewa da an tambayi kakata da yanzu babu zazzaɓi a Kebbi. Wannan zai zama son kai irin na ɗalibin da ke ganin fanninsa shi ne maganin kome. Aikin Garki ya nuna cewa a irin ƙasarmu yawan cizon ya kai matsayin da feshi, kome kyansa, ba ya iya tsayar da shi. Abin da nake cewa shi ne, an san sauron Ambursa har cikin jininsa, an kai shi Landan an yi masa aure, amma tsofaffin da na zauna da su ba wanda ya tuna an taɓa zaunar da shi an tambaye shi inda yake kwana, ko me yake kira ciwon, ko me yake zaton yana kawo shi. Umurni ne ya sauko daga Razdan zuwa Sarki, daga Sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa mai gari, kamar yadda haraji ke saukowa. Ba abin mamaki ba ne in mutumin da ya ga an rubuta lamba a ƙofarsa ya zaci ƙidayar haraji ce.

Da an tambaya, da an ji abin da na ji a littafin aikina. Tsofaffi da yawa ba su haɗa masassara da sauro ba. Wasu sun ce cin tumu da sabuwar masara ke kawo ta, wasu sun ce dukan ruwan sama, wasu zafin rana. Kafin mai karatu ya yi dariya, ya lura da cewa duk waɗannan suna faɗowa daidai lokacin da sauro ya fi yawa, watau daga tsakiyar damina zuwa kaka. Sun ga lokacin daidai, sanadin ne ya kuɓuce musu. Abin da ya fi wannan hatsari shi ne, in zazzaɓi ya hau kan yaro ya fara sanƙarewa yana taune-taune, to, a wurinsu ya tashi daga masassara ya zama wani ciwo daban, na iska, wanda ba na asibiti ba ne. In idonsa ya yi rawaya, shawara ce. In cikinsa ya kumbura, saifa ce. Ciwo ɗaya a wurin likita, huɗu a wurin uwa, kowanne da mai maganinsa.

Irin binciken da ke sauraron wannan ya zo Arewa, amma daga baya, kuma galibinsa ba a ƙasarmu aka yi shi ba. A shekarar nan ta 1954 aka buga littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, cike da bayanin haihuwa da goyo da jinya. Murray Last, wanda ɗaliban tarihi suka sani da littafinsa a kan Daular Sakkwato, ya zauna a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi, kuma a 1981 ya buga maƙala yana nuna cewa mai jinya bai damu ya san tsarin da ke bayan magani ba, yana gwada na asibiti da na malam da na boka, wanda ya yi shi ne nasa. Lewis Wall ya fitar da littafi a 1988 a kan maganin Hausawa da ma'anar kalmar lafiya. A Zariya kuwa, cikin shekarun 1970, likitocin asibitin koyarwa sun lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, kuma sai da suka duba al'adar wankan jego da kwanciya a gadon wuta da shan kunun kanwa sannan suka sami bakin zaren.

Yau da takardar tambayoyi

An ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991. A binciken ƙasa na 2015 aka sami ƙwayar zazzaɓi a jinin kashi 64 cikin 100 na yaran jihar 'yan ƙasa da shekara biyar. A 2018 kashi 52 ne, a 2021 kashi 49. A duk ukun Kebbi ce kan gaba a Nijeriya. Don haka ne da aka tashi fara allurar rigakafin zazzaɓi a watan Disamba na 2024, Kebbi da Bayelsa aka zaɓa. Watau bayan shekara 70 an sake dawowa ƙasar nan a fara gwada sabon makami. Allurar sau huɗu ake yi, a wata na 5 da na 6 da na 7, sannan na 15. Duk wanda ya san ƙauye ya san cewa tsakanin ta uku da ta huɗu akwai damina guda, akwai hanyar da ruwa ya yanke, akwai izinin maigida, akwai kuɗin babur.

Yanzu ba a rasa masu tambaya ba. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, wadda mazauninta ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ga kuma ta jiha a Aliero, ɗalibai da malamai suna shiga ƙauyuka da takardun tambayoyi, ban da na ƙungiyoyin agaji. Wannan ci gaba ne. Sai dai na taɓa yi wa wasu masu irin wannan aiki tafinta na kwana shida, kuma abin da na gani ya sa na rage yarda da wasu alƙaluma. An rubuta tambayoyin da Turanci, mu muke juya su a tsaye a zaure, kowa yadda ya ga dama. Ni namiji ne, ba ni shiga gida, saboda haka maigida ne ke amsa tambayar da aka yi don matarsa. Tambaya ta farko ita ce yaya lafiyar iyali. Wane Bahaushe ne za a yi wa wannan tambaya ya ce wani abu ban da "lafiya lau", ko da kuwa akwai mai jinya a kwance a ɗaki? Sai a ce, "Yara sun kwana cikin gidan sauro jiya?" Ya ce sun kwana. Ya san ku kuka raba shi, ba zai kunyata baƙo ba. Ni kuwa ina hango gidan sauron an kewaye irin albasa da shi a bayan gida. Takardar ba ta da gurbin rubuta abin da ido ya gani, kuma ba ta tambayi dalili ba. Da ta tambaya, da an ji cewa ɗakin ya yi zafi, ko shimfiɗa huɗu ce gidan sauro biyu, ko kuwa awaki sun fi sauro saurin jawo asara a ganinsa.

Wata tawagar daban, ta mata, ta shiga gidanmu a Gwandu ina nan. Ina zaune a bakin ɗakin kakata ina jin su. Wata ta tambayi mahaifiyata, "Inna, haihuwarki nawa?" Ta ce huɗu. Aka rubuta huɗu. "Akwai wanda ya rasu?" Ta ce, "Alhamdu lillahi." Aka ja layi, aka wuce tambaya ta gaba.

Haihuwarta shida. Ni ne ɗan fari, kuma tun da nake ban taɓa jin ta ambaci sunana ba, balle ta ƙidaya ni a gaban baƙi. Ta shidan ita ce ƙanwata, wadda zazzaɓi ya kama cikin watan Agusta tana da shekara uku. Kwana biyu ana ba ta jiƙo, a na uku da ta fara sanƙarewa aka ce iska ce aka nemo mai turare, a na huɗu aka ɗauke ta a babur. Ba ta kai asibiti ba. Bayan baƙin sun fita na ce da kakata, me ya sa ba a faɗa musu ba? Ta ce, "Su wa? Ko zama ba su yi ba."